Masu ƙarar da rayuwarsu kan tambaya ɗaya: me ya sa jikin uwa ba ya korar ɗan da ke cikinta?

Yayata tana da ciki wata bakwai lokacin da zobe ya ƙi fita daga yatsanta. Mu duk mun ɗauka kumburin masu ciki ne kawai, ita ma haka ta ɗauka, sai da ciwon kai ya zo mata wanda ba ya jin magani, ta fara cewa tana ganin wasu abubuwa na walƙiya a idonta, sannan muka kwashe ta sai asibiti. Nas ɗin da ta auna jininta ta sake aunawa, ta canza hannu ta sake, ba ta ce mana komai ba ta fita da sauri. Aka tsoma wata 'yar takarda a fitsarinta, launin ya juye. Daga nan sai allura a ɗuwawu biyu, tana kuka tana cewa jikinta kamar an hura wuta. Ni ce mai jinya, ina tsaye riƙe da jakarta ban san abin da zan yi ba.

Da likitan ya fito na tare shi na ce, likita don Allah me ya kawo wannan, ita fa ba ta taɓa hawan jini ba. Ya ce, ke ƙanwarta ce? Na ce e. Ya ce, daga mabiyiya matsalar take, kuma maganin guda ɗaya ne, a raba ta da cikin. A daren aka yi mata aiki aka ciro yarinya bakwaini, ta yi makonni a kwalba, alhamdulillahi su biyun duk suna nan.

Maganar nan ta likita ta daɗe tana cin raina. A ce wannan ciwon na hawan jinin masu ciki, wanda likitoci ke kira preeclampsia, ciwon da ke kama mata 2 zuwa 8 cikin kowane 100 masu juna biyu a duniya, ciwon da likitoci suka san jijjigarsa tun zamanin da, amma har yau babban maganinsa shi ne a kawo ƙarshen cikin? Wannan ne ya sa na shiga karance-karance, kuma a nan na ci karo da wasu mutane da ban taɓa sanin akwai irin aikinsu ba: masu binciken garkuwar jikin mace mai ciki. Ra'ayina da nake son in faɗa shi ne mutanen nan ba a ba su haƙƙinsu, ba a kuɗi ba, ba a lokaci ba, ba a daraja ba, kuma mata ne ke biyan wannan bashin da jikinsu.

Tambayar da suke bi a baki tana da sauƙi. Idan aka yi wa mutum dashen ƙoda, sai ya riƙa shan maganin da zai danne garkuwar jikinsa har ƙarshen rayuwarsa, in ba haka ba jikin zai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ya far mata. To jariri fa? Rabin ƙwayoyin halittarsa na uba ne, wato ga jikin uwa rabinsa baƙo ne, amma zai zauna wata tara yana ci yana sha daga jininta ba a kore shi ba. Wanda ya fara ɗora tambayar a fili shi ne Peter Medawar na Ingila a 1953, mutumin da ya shigo harkar ta hanyar binciken dashen fata ga waɗanda suka ƙone lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1960. Ya kawo hasashe uku: ko dai akwai katanga tsakanin uwa da ɗa, ko ɗan bai nuna alamun da za a gane shi ba tukuna, ko kuma garkuwar uwar ce ke yin barci. Shekaru da dama ana bin waɗannan ukun, kuma a hankali aka gano babu ɗaya da ya faɗi labarin gaba ɗaya. Garkuwar mai ciki ba barci take ba, aiki take yi tuƙuru, kawai dai wani irin aiki ne daban.

Wadda labarinta ya fi kama ni ita ce Ashley Moffett ta jami'ar Kambirij. Likita ce mai duba tsokar da aka yanko a madubin gwaji, kuma a shekarun 1980 tana ta ganin wasu ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo cike da bangon mahaifa a farkon ciki, ba wanda ya damu da su sosai. Ita ta tsaya ta ce su waye waɗannan, me suke yi a nan. Tare da Charlie Loke suka bi diddigi, aka tabbatar dangin ƙwayoyin garkuwa ne da ake kira NK, waɗanda a cikin jini aikinsu kashe ƙwayar da cuta ta kama ne, amma a mahaifa su ne kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke wurin a watannin farko, kuma ba kisa suka zo yi ba.

Ga abin da ke faruwa, yadda na fahimce shi. Mabiyiya ta ɗan ce, ba ta uwa ba. A makonnin farko ƙwayoyinta suna kutsawa cikin bangon mahaifa, su shiga ƙananan jijiyoyin jinin uwa masu lanƙwasa, su rusa tsokar da ke matse su, su mayar da su faffaɗan bututu yadda jini zai riƙa kwarara ba tangarɗa, har ya kai a ƙarshen ciki sama da rabin lita ke bi ta mahaifa a kowane minti. Idan kutsen ya yi kaɗan, jini ba ya isa, ɗa ba ya girma, mabiyiya ta shiga wahala ta fara zuba wasu sinadarai a jinin uwa, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin, ga abin da ya samu Yaya ke nan. Idan kuma kutsen ya wuce gona da iri, mabiyiya ta manne ta ƙi fita, a yi ta zubar jini. Dole a tsaya a tsakiya, kuma ƙwayoyin NK ɗin nan na cikin masu sa wannan iyaka. A 2004 rukunin Moffett suka nuna cewa idan uwa tana da wani nau'in ƙwayoyin halitta na KIR, wato abin da ƙwayoyin NK ke gane baƙo da shi, ɗan kuma ya zo da wani nau'in HLA-C, wato alamar da ke jikin ƙwayoyin mabiyiyarsa, haɗarin wannan ciwon yana ƙaruwa. Wato abin haɗuwa ce tsakanin nata da na mijinta, ba laifin abin da ta ci ko ta sha ba, ba kuma raki ba ne.

Ku lissafa da kanku, daga 1953 zuwa 2004 shekara 51 ke nan, kuma ko a 2004 ɗin ba magani aka samu ba, ƙofa ce aka buɗe. A nan ne mutane da yawa ke karaya, su ce to mene ne amfanin wannan? Ni ma na taɓa faɗin haka. Amma labarin rukunin jini na Rh ya canza min tunani.

A 1939 Philip Levine da Rufus Stetson a Amurka suka rubuta labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, aka ƙara mata jinin mijinta, jikinta ya yi mummunan bore duk da rukuninsu ɗaya ne a ABO. A 1940 Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana abin da aka sa wa suna Rh. Aka gane cewa macen da ba ta da Rh idan ta ɗauki cikin ɗa mai shi, jinin ɗan yakan shiga nata musamman wajen haihuwa, jikinta ya ƙera makamin yaƙarsa, ɗan fari ya tsira amma na bayansa su riƙa zuwa da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, wasu su mutu tun a ciki. Mace ta yi ta haihuwa tana binnewa ba ta san dalili ba. Sai a shekarun 1960 rukuni biyu, Cyril Clarke da Ronald Finn a Libaful, da Vincent Freda da John Gorman da William Pollack a Amurka, suka gano cewa allura ɗaya da za a yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa tana hana jikinta koyon wannan yaƙin. Aka amince da ita a Amurka a 1968. Shekara 29 daga waccan matar ta 1939. Wanda ya fara aiki a kan wannan yana matashi, sai da furfura ta fito masa kafin ya ga allurar a hannun ungozoma. Kuma allurar daga jinin mutane ake haɗa ta, akwai wani bawan Allah a Ostireliya, James Harrison, da ya ba da jini sau 1,173 a rayuwarsa saboda wannan, ya rasu a 2025. Yau mai ciki za ta je awo a ce mata jininki nagetif ne za a yi miki allura, ta karɓa ta tafi gida, ba ta san mutum nawa suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai ba. Abin baƙin ciki kuma har yanzu akwai mata masu yawa a ƙasashe marasa ƙarfi da ba sa samunta.

To me ya sa aikin yake da jinkiri haka? Na farko ciki wata tara ne, ba ka isa ka gaggauta shi ba, idan kana son bin mata dubu daga farkon ciki zuwa haihuwa ka ga wa ciwon zai kama, shekaru za ka yi kafin ka tara su. Na biyu abin da ke lalacewa yana lalacewa ne a watanni uku na farko amma ba zai nuna ba sai bayan mako 20, kuma ba yadda za a yi ka leƙa cikin mahaifar mace mai lafiya ka yanko tsoka don kana son sani. Na uku ɓeran gwaji, wanda kusan duk binciken magani ke dogara da shi, mabiyiyarsa ba irin tamu ba ce, ba ta kutsawa da zurfi kamar ta ɗan Adam. Sai a 2018 Margherita Turco da abokan aikinta a Kambirij suka iya rainon 'yan ƙananan mabiyiya a kwanon gwaji su rayu na dogon lokaci. Amma tsarin da ake ɗaukar masu bincike aiki bai san da wannan ba. Kwantiragi na shekara biyu ko uku, tallafi na shekara uku ko biyar, a ƙarshe a tambaye ka takarda nawa ka buga. Matashin da ke da kaifin ƙwaƙwalwa zai duba ya ga in ya tafi binciken kansa ko ciwon zuciya ga kuɗi ga kamfanoni ga suna, in ya tsaya kan mabiyiya, abin da ake nannaɗewa a fitar da shi daga ɗakin haihuwa, zai yi ta roƙon tallafi. Wani nazari da cibiyar bincike ta RAND ta fitar a 2020 ya nuna a Birtaniya duk fam 1 da ake kashewa wajen kula da masu ciki, kusan kobo 1 nasu ne kawai ke tafiya bincike. Wannan fa ƙasa mai arziki ke nan. Kuma mata da yawa da ke wannan fanni shekarun da ake son su yi ta buga takardu su ne shekarun da su ma suke haihuwa, da yawa a nan suke sulalewa su bar aikin.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɓata min rai, shi ne yadda aka ware masu ciki daga gwajin magunguna da sunan kare su. Na san daga inda tsoron ya fito. Maganin talidomaid da aka riƙa ba masu laulayi daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Tsoro ne mai dalili. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire duk macen da za ta iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwaji, sai a 1993 aka janye. Amma ku duba da kyau, talidomaid ya yi ɓarna ne saboda ba a yi masa binciken da ya dace ba kafin a sake shi kasuwa. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne a yi bincike da kyau, sai aka ɗauki na a daina gaba ɗaya. Mai ciki kuwa ba ta daina rashin lafiya ba, tana da asma, tana da farfaɗiya, tana da ciwon suga, dole ta sha magani, sai likita ya rubuta mata yana lalube a duhu. Mun gani da idonmu a 2020, manyan gwaje-gwajen farko na rigakafin korona ba su ɗauki masu ciki ba, alhali cutar ta fi yi musu tsanani, aka bar su da likitocinsu cikin ruɗani na watanni. Allurar nan ta magnesiyam da aka yi wa Yaya ma, tun shekarun 1920 ake amfani da ita, amma sai a wani gwaji na 1995, da kuma 2002 a gwajin Magpie da ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka tabbatar tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Shekara saba'in likitoci na gardama, wasu na ba da wasu magungunan da ba su kai ta ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 260,000 suka mutu a 2023 sanadin ciki da haihuwa, mafi yawansu da abubuwan da an riga an san maganinsu, zubar jini, ƙwayoyin cuta, rashin isa asibiti da wuri, rashin jinin ƙari. Za a ce a fara sayen motar ɗaukar mara lafiya da horar da ungozoma kafin a zo maganar KIR. Gaskiya ne, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya yau da daddare motar zan zaɓa. Amma motar ina za ta kai ta? Wurin likitan da zai ce mata a raba ki da cikin ko da wata shida ne. Duk abin da ungozoma ke riƙe da shi a hannu yau, wani ne ya zauna a ɗakin gwaji jiya. A 2003 Ananth Karumanchi da rukuninsa a Boston suka gano rawar da sinadarin sFlt-1, wanda mabiyiya mai wahala ke zubawa a jini, ke takawa a wannan ciwon, sai a 2023 Amurka ta amince da gwajin jinin da ke nuna wace mace ce ciwon zai tsananta mata. Shekara 20 cif. In da an ce masa a 2003 ya bari a sayi mota, da babu gwajin.

Sannan akwai maganar wa ake bincika. Kusan kashi 70 cikin 100 na waɗancan mace-macen a Afirka kudu da Sahara suke, amma yawancin abin da aka sani game da ƙwayoyin halittar garkuwa daga jinin Turawa aka samo shi. Annettee Nakimuli, likitar mata a jami'ar Makerere da ke Kampala, ta yi aiki da rukunin Moffett ta duba matan Yuganda, a 2015 suka buga cewa akwai wani nau'in KIR da ke ba da kariya wanda a 'yan Afirka ake samunsa, ba a gan shi a Turawa ba. Haka ma maleriyar da ke maƙalewa a mabiyiya, Michal Fried da Patrick Duffy sun gano yadda take mannewa a 1996 daga aikin da suka yi a Kenya, wanda ya bayyana dalilin da ya sa mai cikin fari ta fi shan wahalarta. Irin wannan ba a gano shi daga nesa. Sai mai bincike ya zauna inda matan suke, ya samu firiji da wuta da albashin da zai riƙe shi shekara ashirin bai gudu ba.

Wani amfanin masu binciken nan da ba a cika faɗa ba shi ne su ne ke iya cewa a'a. Matar da ta yi ɓari sau huɗu sau biyar, ko ta yi dashen ƙwai bai kama ba, duk abin da aka ce mata za ta yi, za ta sayar da abin da ta mallaka. A shekarun 1980 aka fara yi wa irin waɗannan mata allurar fararen ƙwayoyin jinin mazajensu wai don jikinsu ya saba, aka yi ta yi, sai a 1999 gwajin da Carole Ober ta jagoranta ya nuna ba ya hana ɓari, a 2002 Amurka ta taƙaita shi. Har gobe akwai asibitocin haihuwa da ke auna NK a jinin hannu su ce wa mace garkuwarki ce ke kashe 'ya'yanki, su ɗora ta kan magunguna masu tsada da haɗari. Moffett da kanta, wadda ta fi kowa sanin ƙwayoyin, ta fito a 2004 ta rubuta cewa NK na jini daban na mahaifa daban, auna wancan ba ya gaya maka komai kan wannan. Wallahi wannan kaɗai ya isa a girmama mutum, ka yi shekaru kana gina suna kan abu, ana son a mayar da shi kasuwa, ka ce ba da ni ba.

Abin da nake so ba mai wuya ba ne a faɗa. Gwamnatoci da masu ba da tallafi su ware wa wannan fanni kuɗi na shekara goma ko fiye, su daina auna mai binciken ciki da ma'aunin wanda gwajinsa ke ƙarewa a mako biyu. Hukumomin magunguna su tilasta wa kamfani ya kawo hujja in zai cire masu ciki daga gwaji, maimakon a ɗauki cirewar a matsayin abin da aka saba. Mu kuma dangi mu daina kallon duk mai takardar neman izini a asibiti a matsayin wanda ya zo cutar mu, mu karanta, mu yi tambaya, mu bar matar ta yanke da kanta.

Yaya ta sake samun ciki bayan shekara uku. Wannan karon tun kusan mako 12 aka ɗora ta kan ƙaramin asfirin kullum da dare, abin da gwajin ASPRE na 2017 ya nuna yana rage irin ciwon da ke zuwa kafin lokaci da kusan kashi 62 cikin 100 ga matan da ke cikin haɗari. Ta kai wata tara. Ranar da naƙuda ta kama ta, wajen ƙarfe biyun dare, ina zaune a benci a bakin ɗakin haihuwa sai na lura da wata yarinya da farar riga, ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba, ta ɗora wata 'yar kula mai ƙanƙara a cinyarta tana gyangyaɗi. Ashe tun da rana ta zo wurin Yaya da takarda, ta yi mata bayani cewa suna tara ɗan yankin mabiyiya daga matan da suka taɓa wannan ciwon, kuma dole a ɗauka da zarar ta fito kafin ta lalace, shi ya sa take kwana a nan. Na tambaye ta yaushe za su gama. Ta ce, anti, sai mun tara ɗari uku, yanzu muna da sittin da ɗaya, tallafin kuma baɗi zai ƙare.

Da aka fito da Yaya da safe na ce mata, Yaya kin yarda kuwa da abin nan? Ta ce, me zan yi da ita, su ɗauka mana, ina da 'ya mace. Yarinyar ta rubuta 62 a jikin robar, ta rufe kular ta wuce da sauri.